Gyaran Digiri Huɗu

Ban taɓa mantawa da ranar Larabar da wata dattijuwa ta shigo mini ɗakin gwaji da ƙullin ƙanƙara a leda ba. Tunda ku ne sababbin malamai a wannan sashe, gara ku ji labarin daga bakina kafin wani ya ba ku shi da ƙarin gishiri. A lokacin ni ne shugaban sashen kimiyya na makarantarmu ta al'umma a Anguwan Rogo, shekarata goma sha bakwai ina koyar da fiziks. Ina ji da kaina ƙwarai da gaske. In na shiga aji ko tari ba a yi.

Bari in fara da tamomita, wato ɗan siririn gilashin nan da ake auna zafi da shi. Muna da guda goma sha biyu, kuma tun ranar da na kama aiki na tarar da su da hali guda. In ka tsoma su cikin ruwan da ke tafasa, sai su yi ta hawa, da sun kai tasa'in da shida su ja birki. Littafi kuwa ya ce ruwa yana tafasa ne a digiri ɗari. Malamin da na gada, Allah ya jiƙansa, shi ya warware mini matsalar tun makona na farko. Ya ce tsofaffin kaya ne, sun gaji, kowanne yana cin digiri huɗu, saboda haka in na auna in ƙara huɗu in wuce. Na karɓa hannu bibbiyu. Sau biyu makaranta tana sayo sababbi, su ma tasa'in da shida, ni kuma in wanke mai kawo kayan tas, in ce masa jabu ya kwaso mana.

Yaranmu yawancinsu 'ya'yan 'yan kasuwa ne, iyayen wasu a kasuwar Farin Gada suke sayar da tumatir da kabeji. Su ne suka raɗa wa huɗun nan suna gyara, irin wadda mai tumatir ke ɗora maka bayan ya cika kwano. Da ruwa ya tafasa sai ka ji wani daga bayan aji ya ce a sa gyara, kowa ya rubuta ɗari, in bi da jan biro in ba da maki. Har ni na saba, da bakina nake faɗa.

A wannan shekarar ce muka ɗauki Malama Zulai. Tsohuwar ɗalibata ce a nan makarantar, ta yi karatun koyarwa ta gama, ta shekara huɗu tana zaga makarantu da takardu a ambulan ba ta samu gurbi ba. Ni na kai sunanta ofis da kaina. Ga waɗanda ba su san tsarinmu ba, sabon malami yana yin shekara guda ta gwaji. A ƙarshenta shugaban sashe ya rubuta rahoto, shugaban makaranta ya sa hannu, kwamitin makaranta ya zauna, ko dai a ba shi takardar tabbatarwa ko a sallame shi. Sallama kuwa a garin nan ba ƙaramin abu ba ce, domin shugabannin makarantu irin tamu duk sun san juna, waya ɗaya ta isa a rufe wa mutum ƙofofi goma.

Na ba ta ɗaya daga cikin azuzuwan 'yan aji huɗu, ina ganin na samu mataimakiya. Ashe ciwon kai na ɗauko. Wata rana na karɓi littattafan gwajin yaranta in duba, sai na ga tasa'in da shida, tasa'in da shida, littafi bayan littafi, kuma duk ta ba su maki. Na kira ta na tambaye ta ina gyara. Ta sunkuyar da kai ta ce ita ta kasa gaya wa yara su rubuta abin da ba su gani ba. Ta fara cewa tana ganin kamar ba laifin tamomita ba ne, wataƙila yanayin garin ne, ban bari ta kai aya ba.

"Zulai, ni na koya miki yadda ake riƙe wannan abin. Yau ke za ki koya mini?"

Ta ce Allah ya ba ni haƙuri, ta fita. Amma ba ta daina ba. Irin mutanen nan ne masu ba ka haƙuri da baki su ci gaba da abin da suke yi, kuma wallahi babu abin da ke ƙona mini rai kamar wannan.

Abin ya fashe ne a jarrabawar zango na biyu. An tambayi yara a digiri nawa ruwa ke tafasa, rabin ajinta suka rubuta tasa'in da shida, aka soke musu. Cikinsu har da 'yar wani Alhaji mai kemis a unguwar Ali Kazaure, wanda kuma ɗan kwamitin makaranta ne. Ya zo ofis da takardar a hannu yana kaɗa ta, ya ce shi da bai yi jami'a ba ma, ya san ɗari ne, wace irin malama ce aka kawo tana rage wa ruwa zafi. Shugaban makaranta, wanda duk muke ce wa Oga, ya kira ni ya ce in yi abin da ya dace. Da lokacin rahoto ya zo na zauna na rubuta shafi guda, na rufe da cewa ba ta karɓar gyara, kuma ban ba da shawarar a tabbatar da ita ba. Ranar Litinin na miƙa. Kwamiti zai zauna Asabar.

A ranar Litinin ɗin ce kuma Oga ya ce mini ƙungiyar tsofaffin ɗalibai za ta turo mana ƙwararriya ranar Laraba, don ta taimaka wa malaman kimiyya. Na ce wata kuma? Domin mun sha ƙwararru har sun ginshe mu. Akwai wanda ya zo da majigi da kwamfuta, aka tara mu tun safe, babu wuta, janareto babu mai, ya ɓata awa biyu yana ba mu labarin ɗakunan gwajin ƙasar waje. Ya ce mu riƙa nuna wa yara gwaji a kwamfuta, alhali ɗakinmu soket ɗaya ne, shi ma ya ƙone tun kafin a haifi wasu daga cikinku. Akwai wadda ta raba mu rukuni-rukuni muna liƙa takardu masu launi a bango. Dukansu ba wanda ya taɓa leƙa aji ya ga yadda ake koyar da yara saba'in da risho guda. A ci shinkafa, a ɗauki hoto, a ba mu satifiket, su kama gabansu. Satifiket ɗin nan ina da su sun fi takwas, maiɗakina ta shimfiɗa wasu a kabad.

Laraba da safe keke mai ƙafa uku ya ajiye wata dattijuwa a bakin ƙofa, da rigar sanyi da 'yar jaka baƙa, babu majigi babu komai. Sunanta Madam Kangyang, 'yar asalin nan ce, ta shekara talatin a ɗakin gwajin ma'adinai kafin ta yi ritaya. Hausarta irin ta mutanen gari ce, mace da namiji duk kai ne a wurinta. Na ce mata an share ɗakin taro. Ta ce ita ba ta zo da lacca ba, a ba ta benci a bayan aji kawai ta ga yadda muke yi. Wannan ya fi ba ni haushi, ni da shekara goma sha bakwai wata za ta zauna tana duba ni. Na ce a raina bari in nuna mata aiki, na zaɓi gwajin da na fi ƙwarewa a kai, wato tafasar ruwa. Malama Zulai ma ta shigo ta zauna kusa da ita, domin Oga ya ce duk malamin kimiyya da ba shi da aji ya halarta.

Na kunna risho, na ɗora tukunya, na yi bayani tiryan-tiryan. Ruwa ya tafasa, na kira wata yarinya ta karanta tamomita, ta ce tasa'in da shida. Ajin gaba ɗaya suka haɗa baki suka ce a sa gyara. Na ga Madam ta ɗaga kai. Ta tambayi yarinyar da ke gabanta mene ne gyara, yarinyar ta yi mata bayani da murmushi, kamar mai nuna wa baƙo hanyar kasuwa.  Madam ta jira har aka kaɗa ƙararrawa yara suka fita hutun tara, sannan ta roƙe ni da ni da Malama Zulai mu ɗan dakata mata. Ta fita zuwa wurin matar da ke sayar da zoɓo a bakin ƙofa, ta dawo da ƙullin ƙanƙarar da na faɗa muku.

Ta farfasa ta a kwano ta zuba ruwa kaɗan, sannan ta dube ni.

"Oga Malam, in tamomita naka yana cin huɗu a sama, zai ci huɗu a ƙasa, ko ba haka ba?"

Na ce ƙwarai. Ta ce to mu gani. Ƙanƙara mai narkewa dai kowa ya san sifiri take nunawa, saboda haka in kayan nan suna cin huɗu, ya kamata su sauka huɗu ƙasa da sifiri. Muka tsoma su ɗaya bayan ɗaya, duka goma sha biyun. Kowanne ya tsaya a sifiri cif, ko gezau.  Ta buɗe jakarta ta fito da nata ma'aunin mai batir, wanda ta ce da irinsa ta yi aiki har ta bar aiki, ta tsoma a tukunyar. Tasa'in da shida.

Kada ku ce na miƙa wuya nan take. Na ce ruwan rijiya ne, yana da datti. Ta ce datti ƙara wa tafasa digiri yake yi, ba ragewa ba, kuma na san haka. Na ce rishon ne ba shi da ƙarfi. Ta ce ko a murhun gidan biki na ɗora, in ya tafasa ya tafasa.  Sai ta ce in ɗauko littafin aji biyar in buɗe babin nauyin iska in karanta mata da ƙarfi. Na karanta. Yana nan baƙi da fari: ɗarin nan a bakin teku ce, kuma duk yadda ka yi sama iskar da ke danne ruwa tana raguwa, sai ya tafasa tun bai kai ɗari ba.

Abin takaicin, babin nan ni nake koyar da shi duk shekara. Har labari nake ba yara na masu hawan manyan duwatsu da ƙwai ke ƙin dahuwa musu, ina zana dutse a allo da ɗan mutum a kai. Garin da muke zaune ya haura mita dubu sama da teku. Duk wanda ya taso daga Akwanga ya san hawan da mota ke yi har kunnuwa su toshe. Ina kan dutsen, ina zana shi a allo, ban taɓa haɗa babi biyun ba, domin ɗaya na aji huɗu ne ɗaya na aji biyar.

"Ruwa bai karanta littafi naka ba, Malam," in ji ta. "Shi dai ya san yana kan dutse."

Ba da izgili ta faɗa ba, da ma da izgili ne da na samu abin riƙewa. Ta ciro sirinji marar allura, ta zuƙi ruwa mai ɗumi wanda ko yatsa ba zai ƙona ba, ta toshe bakin da yatsa ta ja. Ruwan ya hau tafasa a gabana ba tare da wuta ba. Ta ce iska ta rage masa kawai, kuma sirinji a kowane kemis akwai shi. Daga nan ta juya ga Malama Zulai, wadda tun da aka fara ba ta ɗaga ido daga ƙasa ba, ta tambaye ta ita me take gaya wa nata yaran. Zulai ta faɗa mata a hankali.

"Wannan yarinya ya yi daidai," in ji Madam. Amma ita ma ba ta ƙyale ta ba. Ta ce mata rabin aiki ta yi, ta bar yara da tasa'in da shida ba ta gaya musu dalili ba, shi ya sa suka kai shi jarrabawa inda ake tambayar na bakin teku. Ta ce yaro ya san duka biyun, ya san wanne ne na ina. Muka zauna mu uku a benci muka tsara darasin daga farko, da ƙanƙara da tukunya da sirinji. Madam ba ta san da maganar rahoto ba. Zulai ta sani, domin a makaranta ba a ɓoye komai, amma ita ce ma ta wanke kwanon.

Washegari na shiga ofis na ce wa Oga ya ba ni rahotona. Na yi masa bayani. Ya cire tabarau ya tambaye ni ko na san abin da nake faɗa, wato in tsaya in ce makarantar nan ta shekara goma sha bakwai tana koyar da kuskure, a gaban Alhaji mai kemis. Ya ce rahoto ya riga ya isa hannun 'yan kwamiti. Sai ya rage murya ya kawo mini shawara: a bar rahoton yadda yake, yarinya ta tafi salin-alin, zango mai zuwa mu fara koyar da sabon abin mu ce tsari ne da ƙwararru suka kawo. Ba wanda zai ji kunya.

Zan gaya muku gaskiya, na yi shiru ina auna maganar, kuma shirun ya fi minti guda. Har yau in na tuna wannan mintin nakan ji kunyarsa fiye da ta digiri huɗun. Daga ƙarshe na ce masa ba zan iya ba. Ya mayar da tabaransa ya ce to in zo Asabar in janye da bakina, shi babu ruwansa.

Asabar na shiga ɗakin taro da risho a hannu ɗaya, tukunya a ɗayan, ƙullin ƙanƙara a aljihun babbar riga tana jiƙa ni. Mutum bakwai ne a kwamitin, suka bi ni da kallo kamar mai tallan shayi ya ɓata hanya. Na yi musu duk abin da Madam ta yi mini. Na miƙa wa Alhaji mai kemis tamomita ya karanta da idonsa, ya karanta sau biyu, ya goge gilashin da bakin riga ya sake. Ya fara cewa amma ai littafi, sai wata Hajiya mai wakiltar iyaye mata ta katse shi. Ta ce ita ta daɗe tana mamaki, wake a gidan 'yarta a Lokoja nan da nan yake nuna, a nan kuwa sai ya cinye gawayi, tana ta zargin masu sayar da wake. Aka yi dariya, ban da ni. Na ce musu jimlar ƙarshe ta rahotona gaskiya ce, ba ta karɓi gyara ba, kuma da ta karɓa da ni da su duk muna nan cikin duhu.

Sun tabbatar da ita a ranar. Ni kuma suka rubuta mini takardar jan kunne, ta farko kuma ta ƙarshe a aikina, kuma Alhaji mai kemis ne ya kawo shawarar, shi da ya tayar da maganar tun farko. Na karɓa, me zan ce.

Madam Kangyang ta dawo Laraba huɗu a jere. Kullum benci a baya, kullum sai yara sun fita take magana, kuma ba ta taɓa kawo abin da ba za mu iya samu a bakin titi ba. Abin da na fahimta ke nan game da ƙwararrun waje. Ba wai ta fi ni sanin babin ba, na haddace shi. Abin da take da shi wanda ba mu da shi, ita ba ta gaji kowa ba, ba ta saba da gyararmu ba, kuma ba zan iya ce mata ni na koya mata ba. Abin da ta gaya mini an riga an fara gaya mini a ofishina, na toshe shi saboda daga bakin ƙarama ya fito. Don haka in an ce za a turo muku ƙwararre, ku tambaya ko zai yarda ya zauna a bayan aji, ko zai sake dawowa. In lacca ya kawo, ku ci shinkafarku ku karɓi satifiket. In kuma kun ji kanku kuna gaya wa yaro ya rubuta abin da bai gani ba, ku tsaya a nan.

Litinin ɗin da ta biyo bayan zaman kwamiti, Malama Zulai ta yi sallama a ofishina. Na zaci godiya ta kawo, har na shirya abin da zan ce don in nuna ba komai. Sai ta ajiye mini wani tsohon littafin rubutu, bangonsa ya koɗe, da sunanta a kai da rubutun yarinta, aji huɗu. Ta buɗe wani shafi. Tasa'in da shida, an soke shi da jan biro, an rubuta ɗari a gefe, an cire maki biyu. A ƙasa an rubuta, ki riƙa kula. Hannuna ne.

"Malam, shekara goma sha ɗaya ina ajiye da shi," ta ce. "A yi mini gyara."

Na laluba aljihu na ciro jan biro. Na soke ɗarin, na mayar mata da makinta biyu, na sa hannu. Da na zo kan ki riƙa kula sai na tsaya, na tambaye ta ko in soke shi ma. Ta ce a'a, in bar shi, ai ta kula.